Arzikin da ke Cikin Zafin Juji

Duk wanda ya saba fita da sassafe a lokacin hunturu, ya bi ta bayan kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba ko ta lambunan Gwagwalada da Kuje, ya sha ganin tururi yana tashi daga tulin taki kamar an hura wuta a ƙarƙashinsa. Idan aka soka rodi a tsakiyar irin wannan tuli, aka bar shi minti goma sa'an nan aka zaro, sai a ji ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Jama'a da yawa suna zaton rana ce ta gasa tulin. Ba haka ba ne. Zafin daga ciki yake fitowa, kuma masu haddasa shi waɗansu halittu ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne ake kira bakteriya.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu irin kayan aikin da waɗannan halittu suke amfani da su a cikin zafin nan, da dalilin da ya sa masana'antun duniya suke biyan kuɗi masu yawa don su same su, da kuma dabarun da masana kimiyya suke bi don ƙara musu juriya. Sunan kayan aikin nan enzayim.

Mene ne enzayim?

Kalmar baƙuwa ce, amma abin da take nufi ya daɗe a gidajen Hausawa. Wanda ya daɗe yana tauna lomar burodi ko ta dafaffen rogo zai ji ta soma zaƙi a bakinsa, domin akwai enzayim a cikin yawu mai farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Mai girkin da ta naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda don ya yi laushi, da enzayim ta yi aiki. Haka nan majeman Kano da suke jiƙa fata a ruwan kashin tantabara, da matan da suke rufe dafaffiyar kalwa kwana biyu ko uku har ta zama daddawa. Dukansu sun san aikin tun kaka da kakanni, sunan ne kawai ya zo daga baya.

A shekarar 1833 waɗansu masana biyu na ƙasar Faransa, Payen da Persoz, suka fara ware irin wannan abu daga tsiron sha'ir. A 1926 kuma wani Ba'amurke, James Sumner, ya tabbatar da cewa enzayim wani nau'i ne na furotin, watau dangin abin da ke cikin farin ƙwai da tsokar nama. Shi kansa ba shi da rai. Halitta mai rai ce take ƙera shi don ya yi mata aiki. Matsayinsa kamar na dillali ne a kasuwa: yana gaggauta cinikin da in ba don shi ba zai ɗauki watanni ko shekaru, kuma in an gama yana nan yadda yake, ya juya ga ciniki na gaba. Sai dai kowane enzayim da hajarsa. Mai farfasa sitaci ba ya taɓa maiƙo, mai farfasa maiƙo ba ya taɓa gashi, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa.

Don a gane abin da zafi yake yi masa, tilas ne a san ƙirarsa. A ɗauka wani dogon carbi ne mai ɗaruruwan duwatsu, duwatsun kuma iri 20 ne, an jera su bisa tsari na musamman. Carbin nan ba a miƙe yake ba. A naɗe yake kamar gammo, naɗi iri ɗaya tak, kuma a wani gefe na naɗin akwai ɗan kogo inda abin da za a farfasa yake shiga ya zauna daram. Abin da ke riƙe naɗin ɗaruruwan ƙananan maƙalai ne marasa ƙarfi. Zafi kuwa girgiza ne: gwargwadon yadda abu ya yi zafi, gwargwadon yadda sassansa suke karkarwa. In girgizar ta fi ƙarfin maƙalan sai gammon ya warware, kogon ya ɓace, aiki ya tsaya. Abin da ke faruwa ga farin ƙwai ke nan a cikin tafasasshen ruwa, kuma kowa ya sani dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Yawancin enzayim na jikin mutum da dabba da tsiro sukan soma lalacewa da zarar zafi ya haura digiri 50 zuwa 60 na ma'aunin santigiret.

Masu dama kunun zaƙi sun riga malamai sanin wannan. Sukan raba ƙullu biyu, su sheƙa tafasasshen ruwa a kashi ɗaya har ya yi kauri, sa'an nan su dakata ya huce kaɗan kafin su zuba ɗaya kashin wanda aka niƙa da busasshen dankali ko tsiron shinkafa. In ya kwana sai a tarar ya tsinke ya yi zaƙi. Wadda ta yi gaggawa ta zuba tun yana tafarfasa, ta kashe enzayim ɗin, gobe ta tarar da kununta da kauri, babu zaƙi.

Dalilin da ya sa masana'antu suke son zafi

Mai kunu tana iya jira tukunya ɗaya ta huce. Masana'antar da take dafa tan ɗari na sitaci a rana ba ta da wannan sukuni, domin sanyaya tanki da sake ɗumama shi kuɗi ne da lokaci. Ban da haka, zafi yana da amfani a kan kansa. Bisa ƙiyasi, duk ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin aiki sau biyu muddin enzayim bai lalace ba. Abu mai kauri yakan tsinke ya yi sauƙin juyawa. Ƙwayoyin cuta da masu sa abinci ya yi tsami kuma ba sa rayuwa a tanki mai digiri 70. Saboda haka a 1973, da kamfanin Novo na ƙasar Denmark ya fito da wani enzayim mai suna Termamyl daga bakteriyar ƙasa, wanda yake narka sitaci a zafin da ya kai na tafasar ruwa har ya ɗara, sai masu yin sukarin gulukos a duniya suka rungume shi.

Nijeriya ta ɗanɗani wannan al'amari da kanta. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir, aka umarci masana'antun abin sha su koma ga dawa da masara na gida. Manoman dawa sun sami kasuwa. Amma sitacin dawa ba ya nuna sai a zafin da ya fi na sha'ir, ta yadda kafin ya nuna, enzayim ɗin da ke cikin tsiron dawar ya riga ya mutu. Dole ta sa kamfanoni suka riƙa sayo enzayim mai jure zafi daga ƙasashen waje. Ƙasa ta huta da sayen sha'ir a lokacin, ta shiga sayen enzayim.

A fannin lafiya ma haka abin yake. A 1966 Thomas Brock ya gano wata bakteriya a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, wadda ta fi jin daɗin rayuwa a digiri 70. Enzayim ɗinta ne ginshiƙin gwajin nan da ake kira PCR, wanda a cikinsa ake ɗumama samfuri zuwa digiri 95 a sauke, sau talatin ko arba'in a jere. Da wannan gwaji ne babban ɗakin bincike na Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa da ke Gaduwa, Abuja, yake tabbatar da zazzaɓin Lassa, da shi kuma ya yi aikin gano korona a 2020. To, ba kowace ƙasa ce take da tafasasshen marmaro irin na Yellowstone ba. Ruwan Wikki da ke Yankari, alal misali, ɗumi ne kawai, digiri 31, mai daɗin wanka. Tulin taki kuwa babu ƙauyen da ba shi da shi.

Yadda tulin taki yake tace mazaunansa

Ran da aka tara ganye da kara da kashin dabbobi aka yayyafa ruwa, bakteriya da funfuna na yau da kullum ne suke fara ci. Cin abinci da numfashi suna fid da zafi, kamar yadda jikin mutum yake yi, tulin kuma yana riƙe zafin kamar bargo. Cikin 'yan kwanaki sai tsakiyarsa ta haura digiri 45. A nan mazaunan farko suke mutuwa ko su kwanta, waɗansu masu son zafi su karɓi gida. A hannunsu zafin yakan kai digiri 60 zuwa 70, ya zauna haka kwanaki ko makonni, har abinci mai sauƙi ya ƙare, sa'an nan tulin ya soma hucewa.

Wannan zafi rariya ce. Duk halittar da ta tsallake ta, tilas kayan aikinta su zama masu jure zafi, in ba haka ba da ba ta rayu ba. Daɗin daɗawa, abincin da ke cikin tuli mai wuyar ci ne: zaren kara, ɓawon itace, gashin kaji, maiƙo, da santsin nan mai kama da kaki da ke bayan ganye. Saboda haka enzayim ɗin juji ya haɗa abu biyu da masana'antu suke nema, watau juriya da iya cin abu mai tauri. Ɗaya daga cikin mazaunan, mai suna Geobacillus stearothermophilus, daga gare ta ne aka sami enzayim ɗin wani gwajin cuta da aka ƙirƙiro a Japan a shekarar 2000, wanda ake yi a digiri 60 zuwa 65 ba hawa ba sauka, ba tare da na'ura mai tsada ba. Wata kuma, Thermobifida fusca, gwanar cin zaren tsiro ce.

Da can sai an raini bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje kafin a sami enzayim ɗinta, alhali kuwa mafi yawan bakteriyar ƙasa ba sa yarda su rayu a faranti. Yanzu an sami hanyar kewaye wannan. Akan ɗebi taki, a tatso sinadarin gado, watau DNA, na dukan abin da ke ciki gaba ɗaya, a yayyanka, a dasa gutsattsarin a cikin wata bakteriya mai sauƙin reno, a ga wacce ce za ta fito da sabon aiki. Ta haka ne a 2012 masana na Jami'ar Osaka a Japan suka sami wani enzayim daga takin ganye da rassan itace, aka sa masa suna LCC. Aikinsa na asali shi ne farfasa santsin bayan ganye. Sai aka tarar yana cin robar PET, wadda da ita ake yin gorar ruwa da ta lemo da zaren tufafi na foliyesta, saboda gaɓoɓin da suka haɗa robar nan sun yi kama da na santsin ganye. Raina kama ka ga gayya.

A nan ne maganar zafi ta zama ta farko. Robar PET a sanyi ƙam take kamar gilashi, enzayim ba ya samun wurin kamawa. Sai ta kusanci digiri 70 zarenta suke sakin jiki. A 2016 an gano wata bakteriya a birnin Sakai na Japan mai cin wannan roba, labarin ya cika duniya, amma enzayim ɗinta a wajen digiri 30 yake aiki, da an ɗaga zafi ya lalace. Na juji ne ya fi kusa da biyan bukata. A 2022 kuma masana na Jami'ar Leipzig a Jamus suka sanar da wani ɗan'uwansa da suka samo daga tulin ganyen wata maƙabarta ta birnin, wanda ya narka kashi 90 cikin 100 na wata robar zuba 'ya'yan itace a cikin awa 16.

Hanyoyin ƙara masa juriya

Ko enzayim ɗin juji yana da iyaka. LCC ba ya warwarewa gaba ɗaya sai zafi ya kusa digiri 85, amma in aka bar shi yana aiki a digiri 70 awa bayan awa, sai ya riƙa gajiya yana dunƙulewa, ya tsaya tun aiki bai wuce kusan rabi ba. Wannan bambanci ne da ya kamata ɗalibi ya riƙe: zafin da enzayim yake ɗauka na minti ɗaya daban, wanda yake ɗauka na yini guda daban. Mai masana'anta na biyun ne ya dame shi.

Hanya mafi arha ita ce a bar enzayim yadda yake, a gyara masa mazauni. Da yawa daga cikinsu suna da gurbin da ƙwayar kalsiyam take shiga ta ɗaure sassa biyu, don haka ɗan gishirin kalsiyam a cikin tanki yakan ƙara musu digiri da dama. Sukari da gilisarin suna kāre naɗin daga warwarewa, shi ya sa ake zuba su a enzayim na ruwa da ake sayarwa a jarka. Busarwa ta fi duka. Kamar yadda kilishi yake yin watanni alhali ɗanyen nama ba ya kwana biyu, haka busasshen enzayim yake daɗewa a ajiye. Masu haɗa abincin kaji sun san wannan matsala, domin akwai enzayim da ake sawa don kaza ta ci moriyar sinadarin fosfaras da ke cikin masara da waken soya, ga shi kuwa ana dunƙula abincin da tururi mai digiri 80 ko fiye. Maganin da aka samo shi ne a lulluɓe kowace ƙwayar garin enzayim da maiƙo ko gishiri, lulluɓin ya tare tururi na ɗan lokacin nan, sa'an nan ya narke a cikin kaza.

Hanya ta biyu ita ce ɗauri. Akan maƙala enzayim a jikin wani abu mai tauri, kamar ƙananan duwatsun roba ko yumɓu ko gilashi mai ƙofofi, a cika bututu da su, a riƙa tura ruwan da za a sarrafa yana ratsawa. Enzayim da aka ɗaure ta wurare da yawa ba ya samun sararin warwarewa, ba ya kuma bin ruwa ya tafi, sai a yi ta aiki da shi makonni har watanni. Wani kamfanin Japan, Tanabe Seiyaku, shi ya fara amfani da wannan dabara a masana'anta a 1969, daga baya masu juya gulukos ya zama sukari mai ƙarin zaƙi suka mai da ita abin yau da kullum. Amma dabarar tana da inda take tsayawa. Ta dace da abin da ya narke a ruwa. Garin roba ko ƙaiƙayi ba sa zuwa wurin enzayim, shi ne zai je wurinsu, ɗaurarre kuwa ba ya tafiya.

Hanya ta uku ita ce a taɓa carbin kansa, a cire dutse a sa wani. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 aka san yadda ake canja harafi guda a cikin DNA don dutse guda ya canja, aikin da ya sa Michael Smith na Kanada ya sami kyautar Nobel a 1993. Misali mafi kyau shi ne abin da aka yi wa LCC a birnin Toulouse na Faransa, wanda masana na kamfanin Carbios da abokan aikinsu na jami'a suka bayyana a 2020. Sun lura da wani gurbi a jikin enzayim ɗin irin wanda danginsa suke riƙe kalsiyam da shi. Zuba kalsiyam a tanki yana ƙara kuɗi, yana kuma gurɓata abin da aka samu. Sai suka cire duwatsu biyu na gurbin, suka maye su da wani iri mai ɗauke da farar wuta. Irin waɗannan duwatsu in sun kusanci juna sukan ƙulle da ƙulli mai ƙarfi, kamar an sa wa gammo ɗinki a inda yake fara kwancewa. Zafin da enzayim ɗin yake warwarewa ya tashi daga digiri 84.7 zuwa 94.5.

To, kowane allazi da nasa amanu. Ɗinkin ya rage saurin aikin da kashi 28 cikin 100. Dalili kuwa shi ne enzayim ba dutse ba ne, yana bukatar ɗan motsi don ya kama ya saki, kamar muƙamuƙi. In an ɗaure shi tamau zai jure wuta, amma ba zai tauna kome ba. Masanan kuma sun duba bakin kogon, sun gwada canje-canje fiye da 200 ɗaya bayan ɗaya, sun sami waɗanda suka buɗa shi ya fi kama roba. Da aka haɗa waɗannan da ɗinkin, sabon enzayim ya narka kashi 90 cikin 100 na garin gorar roba a cikin awa 10 a digiri 72, da giram 3 kacal ga kowane kilo na roba. Abin da ya fito aka tace, aka sake ƙera sababbin gorori da shi masu kyau kamar na fari. A 2021 kamfanin ya buɗe masana'antar gwaji a Clermont-Ferrand.

Akwai wata dabara kuma ta sa masa riga. In aka sa yis ya ƙera enzayim maimakon bakteriya, yakan rataya masa 'yan sarƙoƙin sukari a waje. A 2018 masana a Amurka suka nuna cewa LCC mai irin wannan riga ba ya saurin mannewa da 'yan'uwansa ya dunƙule.

Duk waɗannan suna bukatar a san ƙirar enzayim tukuna. Akwai hanyar da ba ta bukatar haka, kuma manomi zai gane ta nan take, domin ita ce zaɓen iri. Akan yi dubban kwafi na enzayim, kowane da ɗan kuskure na kansa da aka jefa da gangan, a gasa su duka, a ɗauki waɗanda suka tsira suna aiki, a sake haifar da dubbai daga cikinsu, a ƙara wuta, a sake zaɓa. Frances Arnold ta Amurka ce ta kafa wannan hanya tun 1993, ta sami kyautar Nobel a kanta a 2018. Da ita ne masana na Jami'ar Manchester a Ingila suka ɗauki raunanan enzayim ɗin nan na Sakai a 2022, suka kai shi ga jure fiye da digiri 80. A 'yan shekarun nan kwamfuta ta shigo cikin aikin, tana nazarin ƙirar dubban furotin tana nuna inda ya kamata a taɓa, abin da ya rage yawan gwaji ƙwarai. Amma hukuncin ƙarshe har yanzu a tanki ake yanke shi.

Gargaɗi ga jama'a

Kada wani ya ji wannan labari ya riƙa jefa gorar roba a cikin takinsa da zaton za ta ruɓe. Ba za ta ruɓe ba. Enzayim ɗin da ke cikin tuli kaɗan ne ainun, kuma ko a masana'anta sai an narka gorar an niƙa ta gari kafin ya iya cinta. Abin da zai samu kawai shi ne gutsattsarin roba a gonarsa. Har wa yau, robar PET kaɗai ake magana, wadda ake gane ta da lamba 1 a cikin alama mai kusurwa uku a gindin gora. Ledar ruwan sha da baƙar ledar cefane, waɗanda suka fi toshe magudanun ruwa a Nyanya da Karu da sauran garuruwa, wata irin roba ce daban wadda zarenta ba shi da gaɓar da irin wannan enzayim yake yankewa, kuma ba a kai ga samun wanda zai ci ta a masana'anta ba. Ko ta PET ɗin ma, sabuwar roba daga man fetur tana da arha, gasa da ita ba wasa ba ne.

Rabon Nijeriya a cikin al'amarin

Juriyar zafi ta fi muhimmanci ga ƙasa irin wannan fiye da ƙasashen da suke ƙera enzayim. Kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Legas suna iya yin kwanaki a bayan mota kafin su isa Kano ko Maiduguri, inda zafin bazara yake haura digiri 40, su kuma zauna a sito ko asibitin da wutar lantarki ba ta tsayawa. Enzayim da ya rasa rabin ƙarfinsa a hanya, an biya kuɗinsa ninki biyu ke nan. Ga kuma ɓawon rogo, ƙaiƙayin shinkafa, karan dawa da totuwar masara da ake ƙonewa kowace kaka, alhali enzayim mai cin zaren tsiro yana iya mai da su sukari, ko abincin dabbobi mai sauƙin narkewa.

Ma'aikatun da wannan aiki ya shafa suna nan a Birnin Tarayya. Akwai Hukumar Bincike da Bunƙasa Fasahar Halittu ta Ƙasa da aka kafa a 2001, mai hedkwata a Lugbe kan hanyar filin jirgin sama, da Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda a yankin Kwali, wadda aka kafa a 1993, da Majalisar Binciken Albarkatun Masana'antu da ke Maitama. Duk wani aiki da ya shafi canja DNA na halitta kuma yana ƙarƙashin dokar 2015 da ta kafa hukumar kula da amincin fasahar halittu. Wani abin lura shi ne ƙwayoyin halitta dukiyar ƙasa ne kamar ma'adinai. A shekarun baya an ɗebi bakteriya daga tafkunan kanwa na ƙasar Kenya, aka fid da enzayim daga cikinsu aka sayar wa masu sarrafa tufafi, hukumomin Kenya suka yi ta ƙorafin ba a ba ƙasarsu kome ba. Irin wannan ne yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta zo ta tsara. Saboda haka bai kamata a bar baƙo ya kwashi samfurin ƙasa ko taki ya fita da shi ba sai da izinin hukuma a rubuce.

Ya kamata kuma a bambanta tulin taki da juji irin na Gosa, inda sharar Abuja take taruwa. A can an cakuɗa ragowar abinci da leda da batir da kwalabe, iska ba ta shiga, abin da ke fita wari ne da iskar gas mai kama wuta. Tulin da ke yin zafi mai kyau sai an gina shi. A ware abin da ke ruɓewa daga wanda ba ya ruɓewa tun daga gida. A jera busasshen kara ko ganye, a bi shi da ɗanyen ganye da kashin dabbobi, hawa bisa hawa, har tsawo da faɗi su kai mita ɗaya aƙalla, domin ƙaramin tuli ba ya riƙe zafi. Laimarsa ta zama yadda in an matsa a hannu zai dunƙule ba tare da ruwa ya zuba ba. A riƙa juya shi don na waje ya shiga ciki. In zafi ya kai digiri 55 ya zauna kwanaki, yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa sukan mutu. Mai juyawa ya rufe hanci da baki, domin ƙurar taki tana ɗauke da funfuna mai cutar da huhu, musamman ga mai asma ko tsohon tari.

Makarantun sakandare suna iya mai da wannan darasin aji: a gina tuli a bayan makaranta, ɗalibai su riƙa auna zafin tsakiyarsa kowace safiya suna rubutawa har ya huce. Ɗaliban jami'a masu neman bakteriya kuwa, daga tsakiyar tuli za su ɗebi samfuri, a ranakun da zafi ya kai ƙololuwa, su rubuta wuri da rana da digiri da abin da aka tara. Tulin ɓawon rogo na Kwali, da na gashin kaji na Kuje, da na tumbin shanu na mayankar Karu, kowanne da irin mazaunansa da irin abin da suka iya ci.